Taswirar Kwamfuta da Bin Sawun Kayan Tarihi

A watan Fabrairu na shekarar 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Binin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba Ovonramwen. An yi gwanjon da yawa daga cikinsu a Landan, sauran kuma hafsoshi suka raba a tsakaninsu, daga nan suka watsu uwa duniya. Fiye da shekara ɗari bayan haka, in aka tambayi masani ina da ina waɗannan kaya suke, sai dai ya yi ƙiyasi, domin kowane gidan tarihi da nasa kundin, da harshensa, da irin tsarin rubutunsa.

A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe wani rumbu a intanet mai suna Digital Benin, wanda wani gidan tarihi na birnin Hambug a Jamus ya jagoranta tare da masana 'yan Nijeriya. Ranar buɗewa ya ƙunshi bayanin kaya 5,246 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Daga cikin sassansa akwai taswira, kuma ita ce abin da muke son ɗalibi ya fahimci yadda ake gina irinta.

Kwamfuta ba ta san Kano ko Binin da suna ba, lamba kawai ta sani. Saboda haka kowane wuri a doron ƙasa ana ba shi lambobi biyu. Ta farko, wato latitud, tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin ikwaita. Ta biyu, wato lonjitud, tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Landan, wanda aka amince da shi a taron ƙasashe na 1884. Alal misali, Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas, Binin kuwa wajen 6.3 arewa da 5.6 gabas. Digiri ɗaya na latitud ya kai kimanin kilomita 111, don haka kuskuren lamba guda yana iya ɗauke gunki daga garinsu ya jefa shi cikin teku.

Aikin yana farawa ne da jadawali. Kowane abu yana da layinsa: sunansa, abin da aka yi shi da shi, shekarar da ya shiga gidan tarihi, sa'an nan lambobin nan biyu. Idan aka zuba jadawalin cikin manhajar taswira, irin su QGIS wadda kyauta ake samunta, sai kowane layi ya zama ɗigo. Manhajar tana jera bayanai hawa-hawa, tamkar an ɗora farar leda mai zane a kan wata: koguna a ƙasa, iyakoki a kansu, hanyoyin fatake a sama, ɗigogin kaya a can bisa. Mai nazari yana iya cire hawa ɗaya ya bar saura, ko ya umarci kwamfuta ta nuna masa kayan hauren giwa kaɗai, ko waɗanda aka saya kafin 1914.

To, a nan ne wuyar take, kuma a ganina nan ya kamata malami ya fi daɗewa da ɗalibansa. Abu guda yana da wuri aƙalla uku: inda aka ƙera shi, inda aka ɗauke shi, da inda yake ajiye yanzu. Wanne za a ɗiga? In aka ɗiga wurin ƙira, kusan duk kayan Binin za su taru a ɗigo ɗaya. In aka ɗiga wurin ajiya, sai ka ga Turai da Amurka sun cika, da babban tari a Gidan Tarihin Birtaniya mai riƙe da fiye da 900. In kuwa aka ja layi tsakanin wuraren, sai hanyar da kayan suka bi ta bayyana, har da dillalan da suka ratsa hannunsu. Taswira uku ke nan daga jadawali ɗaya, kowace da labarin da take bayarwa. Irin wannan bayani yana da nauyi a muhawarar maido da kaya, domin ba a neman abin da ba a san inda yake ba. A watan Yuli na 2022 Jamus ta sa hannu a yarjejeniyar mayar wa Nijeriya mallakar kayan Binin fiye da 1,000.

Akwai kuma wani tarko. Tsofaffin kundaye sau da yawa ba su faɗi gari ba, sai ka ga an rubuta wa babbar riga ko sirdi "Arewacin Nijeriya" kawai. Kwamfuta kuwa sai an ba ta lamba. Mai gaggawa zai ɗora ɗigo a tsakiyar yankin, mai kallo kuma ya ɗauka a can aka samo rigar. Mai aiki da hankali yakan shafa wa yankin duka launi, ko ya ƙara gurbi a jadawali inda zai nuna ko wurin tabbatacce ne ko zato.

Gumakan Nok sun nuna tsadar wannan bayani. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a Jihar Kaduna ta yanzu, daga baya Bernard Fagg ya tattara su, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Wanda masana suka tono da kansu, an san raminsa da zurfinsa da gawayin da ke gefensa, wanda da shi ake auna shekaru. Wanda masu haƙar sata suka fitar kuwa, ko da an dawo da shi, gurbinsa a jadawali zai zauna fanko.

Makarantar da ba ta da kwamfuta ma tana iya somawa. A kai ɗalibai Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin Jos ko na Kaduna, kowane ya zaɓi kaya biyar ya kwafi abin da aka rubuta a jikinsu. A dawo aji a nemi lambobin garuruwan a littafin taswira, a kafa allurai masu zare a kan taswirar bango, ja ga wurin da aka tabbatar, baƙi ga wanda ake zato. Daga nan a ƙirga a ga wane launi ya fi yawa.