Amsoshin Tambayoyinku: Timea Babos Da Wasan Tanis Na Bibbiyu

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Zuru a jihar Kebbi, daga hannun wani malamin makaranta wanda ya ce shi ke kula da wasanni a makarantarsu. Ga abin da yake cewa:

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, don Allah ina so ku ba ni tarihin wata 'yar wasan tanis ta ƙasar Hangari mai suna Timea Babos. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokan aikina. Na ce ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, su kuwa suka ce ai ba ta taɓa cin wata babbar gasa ita kaɗai ba sai da taimakon wata, don haka ba za a kira ta gwana ba. Su ma ɗalibaina mata, duk wadda na ce ta shiga wasan bibbiyu sai ta ɓata rai, tana ganin na raina iyawarta ne. Ku taimaka ku raba mana wannan gardama.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Da kai da abokan aikinka kowa ya faɗi gaskiya ta wani ɓangare. Timea Babos ta zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu, kamar yadda ka ce. Ba ta taɓa cin ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya ita kaɗai ba, kamar yadda suka ce. Inda suka kauce shi ne da suka ɗauka wasan bibbiyu mafakar ragwaye ce. Amma bari mu fara da bayanin wasan kansa, saboda masu sauraronmu da ba su saba da shi ba.

Shi wasan tanis iri biyu ne. Akwai na ɗai-ɗai, inda mutum ɗaya ke karawa da mutum ɗaya, akwai kuma na bibbiyu, inda mutum biyu ke karawa da mutum biyu. Tsawon filin ƙafa 78 ne, an raba shi biyu da raga mai tsayin ƙafa 3 a tsakiyarta. A wasan ɗai-ɗai faɗin filin ƙafa 27 ne, a na bibbiyu kuwa sai a buɗe shi ya kai ƙafa 36, wato an ƙara ƙafa huɗu da rabi a kowane gefe ke nan. A wasan bibbiyu, idan ɗaya ta tsaya can baya za ta yi bugun farko, abokiyarta tana tsaye ne dab da raga, tana jiran ta tare ƙwallo tun kafin ta taɓa ƙasa. Sau da yawa za ka ga ta gaban ta mai da hannu baya tana yi wa abokiyarta alama da yatsu, cewa zan tsallaka wancan gefen ki rufe mini nan, ko kuwa ina nan ba zan motsa ba. Idan suka saɓa da ƙiftawar ido ɗaya, sai su taru wuri guda su bar rabin fili a buɗe.

Malam, ka dai san yadda mata biyu ke lugude a turmi ɗaya. Ba ƙarfin damtse kaɗai ake bukata ba, sai kowacce ta san lokacin da taɓaryar 'yar'uwarta za ta tashi da lokacin da za ta sauka. Mace tana iya zama gwanar daka ita kaɗai, a haɗa ta da wata su yi ta gwara taɓare. To haka wasan bibbiyu yake.

Ita dai Timea Babos an haife ta ne ranar 10 ga watan Mayu na shekarar 1993 a garin Sopron, kusa da iyakar Hangari da Ostiriya. Hangari ƙasa ce da ke tsakiyar Turai, ba ta da gaɓar teku, babban birninta Budapest, kuma girmanta ya kai kamar jihar Kebbi sau biyu da rabi. Mutanen ƙasar sukan fara ambaton sunan gida kafin sunan yanka, don haka a wurinsu Babos Timea take, kuma Babosh suke furta sunan. Gidansu gidan tanis ne. Mahaifinta mai koyar da wasan ne, yayarta kuwa ta ci gasar ɗai-ɗai ta jami'o'in Amurka a shekarar 2006.

Tun tana yarinya aka ga inda baiwarta ta fi ƙarfi. A shekarar 2010, tana da shekara 17, ta haɗu da wata Ba'amurkiya mai suna Sloane Stephens, suka ci kofin bibbiyu na 'yan mata matasa a uku daga cikin manyan gasanni huɗu, wato na Faransa, da na Wimbledon a Ingila, da na Amurka. Ta huɗun ita ce gasar Ostareliya, wadda ake buɗe shekara da ita a birnin Melbon.

Kada abokan aikinka su ɗauka ba ta iya wasan ɗai-ɗai ba. Ta ci kofi uku ita kaɗai: a Monterrey ta ƙasar Meziko a 2012, a gida Budapest a 2017, da kuma Taipei a 2018. A watan Satumba na 2016 ta kai matsayi na 25 a duniya a wasan ɗai-ɗai. Wato a duk faɗin duniya mata 24 ne kawai ke gabanta a lokacin. Sai dai a can ƙoli akwai irin su Serena Williams, kuma tsakanin na 25 da na ɗaya akwai tafiya mai nisa.

A wasan bibbiyu ma ba ta sami abin a ɓagas ba. A 2014 ita da ƙawarta Kristina Mladenovic 'yar Faransa suka kai wasan ƙarshe a Wimbledon, wasu 'yan Italiya biyu, Sara Errani da Roberta Vinci, suka doke su. A 2016 ta sake kaiwa wasan ƙarshe a wannan gasa tare da Yaroslava Shvedova ta ƙasar Kazakistan, suka ci karo da Serena da yayarta Venus Williams, aka sake doke su. Sai a 2017 ƙofa ta buɗe, lokacin da ta haɗu da Andrea Hlavackova ta ƙasar Cek suka ci gasar ƙarshen shekara a Singafo, gasar da ba a gayyatar kowa sai ƙungiyoyin bibbiyu takwas da suka fi kowa maki a shekarar.

Daga nan sai ta koma wa Mladenovic. Su biyun sa'o'in juna ne, kwana huɗu ne kawai tsakanin haihuwarsu, kuma tun suna yara suke haɗuwa a filayen gasa. Wannan sanin juna shi ne jarinsu. A watan Janairu na 2018 suka ci gasar Ostareliya, inda suka doke 'yan Rasha biyu, Ekaterina Makarova da Elena Vesnina, a zubi biyu a jere. Ranar 16 ga watan Yuli na wannan shekara Timea ta hau matsayi na ɗaya a duniya a wasan bibbiyu. Kafin ita babu wani ɗan Hangari, namiji ko mace, da ya taɓa zama na ɗaya a tanis, ko a ɗai-ɗai ko a bibbiyu, duk da cewa ƙasar ta fitar da gwanaye irin su Zsuzsa Kormoczy, wadda ta ci gasar Faransa ita kaɗai a 1958, da Andrea Temesvari, wadda ta ci bibbiyu a wannan gasa tare da Martina Navratilova a 1986.

Bayan haka sai nasarori suka yi ta biyo juna. Ita da Mladenovic suka ci gasar ƙarshen shekara a Singafo a 2018, suka ci gasar Faransa a 2019, suka sake cin ta ƙarshen shekara a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2019. Ka ga ke nan Timea ta ɗauki wannan kofi shekara uku a jere, da abokan wasa biyu dabam-dabam. A farkon 2020 suka sake cin gasar Ostareliya.

Akwai wani abu da ya faru a wannan shekara ta 2020 da ya kamata ka ba ɗalibanka labarinsa. Lokacin annobar korona ne, aka je gasar Amurka a birnin New York, su ne kuma aka sa a kan gaba cikin duk masu wasan bibbiyu. Sun riga sun ci wasansu na farko, sai hukumomin lafiya suka ce a killace Mladenovic, saboda ta yi cuɗanya da wani ɗan wasa da aka samu yana ɗauke da cutar. Umarnin bai shafi Timea ba, amma tun da ba a wasan bibbiyu da mutum ɗaya, sai aka cire su duka biyun daga gasar. Wannan shi ne ɗacin sana'ar: abin da ya sami abokiyarki ya same ki. Duk da haka ba su rabu a kan wannan ba. Bayan 'yan makonni, a watan Oktoba, suka je birnin Faris suka sake cin gasar Faransa.

Idan aka yi lissafi, sau takwas Timea ta kai wasan ƙarshe na bibbiyun mata a manyan gasanni huɗu. Ta ci huɗu, biyu a Ostareliya biyu a Faransa, aka cinye ta a huɗu: Wimbledon a 2014 da 2016, Amurka a 2018, da Ostareliya a 2019. Ta kuma kai wasan ƙarshe sau biyu a bibbiyun da ake haɗa mace da namiji, a Wimbledon a 2015 da Ostareliya a 2018, ba ta yi nasara ba. Nahiyarmu ma ta taka ta, domin ta ci kofin bibbiyu a ƙasar Maroko sau uku, a Marrakesh a 2013 da 2015, sannan a Rabat a 2017. Bayan 2020 ta yi wasu shekaru tauraruwarta ta dusashe, amma a 2025 ta haɗu da Luisa Stefani ta Birazil, suka kai har wasan ƙarshe na gasar ƙarshen shekara a birnin Riyad na Saudiyya, inda Veronika Kudermetova da Elise Mertens suka doke su.

To me ya sa mutane ke raina wasan bibbiyu? Babban dalili kuɗi ne da suna, kuma a nan ba za mu ɓoye maka ba, ratar tana da yawa. Alal misali, a gasar Ostareliya ta 2020, Sofia Kenin da ta ci ɗai-ɗai ta karɓi dalar Ostareliya miliyan 4 da dubu 120. Timea da Mladenovic kuwa dala dubu 760 aka ba su su raba, wato kowacce dubu 380. Ka ga abin da ta ɗai-ɗai ta samu ya ninka na kowaccensu fiye da sau goma, alhali daga cikin wannan kuɗi ne 'yar wasa za ta biya mai horar da ita, da kuɗin jirgi, da masauki, shekara ta zagayo. Gidajen talabijin ma wasan ɗai-ɗai suka fi nunawa. Amma ƙarancin lada ba ya nufin sauƙin aiki. Su kansu Serena da Venus Williams, da suka gagari kowa a ɗai-ɗai, sun ci manyan kofunan bibbiyu har 14 tare, ba su ɗauke shi abin raini ba.

Mu ma nan gida Nijeriya muna da misali. Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, kofi ɗaya ya ci a wasan ɗai-ɗai na ƙwararru, amma ya ci bakwai a bibbiyu. Matsayinsa mafi girma a duniya shi ne na 52 a ɗai-ɗai, a bibbiyu kuwa ya kai na 20.

Saboda haka Malam, ka gaya wa abokan aikinka cewa maganarka tana kan hanya. Timea Babos ta zama ta ɗaya a duniya, kuma taimakon da suke cewa ta samu, ita ma ta ba da irinsa, domin kofin bibbiyu ba ya zuwa hannun wadda aka goya. Shaida ita ce ta yi nasara da Stephens, da Hlavackova, da Mladenovic, da Stefani, mata huɗu daga ƙasashe huɗu, kowacce da irin salon wasanta.

Game da ɗalibanka kuwa, shawararmu ita ce kada ka mai da wasan bibbiyu wurin tara waɗanda ba a zaɓa ba, domin yara suna lura. Ka sa har gwanayen cikinsu su riƙa yinsa. Ka haɗa mai ƙarfin bugu daga baya da mai saurin hannu a gaban raga, ka bar su tare su daɗe har su san halin juna, kuma ka hana su zargin juna idan an zubar da maki. Ga kuma wata riba: fili ɗaya yana ɗaukar yara huɗu a lokaci guda maimakon biyu, abin da zai taimaki duk makarantar da ba ta da filaye da yawa.

Da fatan mun raba gardama, kuma Malam ya gamsu. A gaishe mana da mutanen Zuru baki ɗaya. Sauran masu sauraro da takardunsu ba su fito ba, a ƙara haƙuri, suna nan tafe. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.