Yadda Fararen Ƙwayoyin Jini ke Nuna wa Likita Maɓoyar Ƙurji a Ciki

Ciki wuri ne mai lungu da saƙo. Mutumin da taifot ya huda masa hanji, aka yi masa tiyata aka ɗinke, yana iya shafe kwanaki zazzaɓi na ta dawowa, alhali ciwon waje ya kame sarai. Likita ya san akwai mugunya da ta taru a wani wuri, ƙarƙashin hanta ne, ko tsakanin naɗe-naɗen hanji, ko can ƙasan mara. Sanin takamaiman wurin shi ne aiki. Yawanci hoton sikanin da na CT suna gano ta, to amma su siffa suke nunawa: sun ga ruwa ya taru, ba lallai su iya cewa mugunya ce ko ruwan bayan tiyata ne da jiki zai shanye da kansa ba.

A nan ne dabarar da ta fi burge ni a duk fannin hoton jiki ta shigo. Jiki ya riga likita sanin inda cutar take. Mafi yawan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira nutrofil, suna jin sinadaran da ke fitowa daga wurin da ƙwayoyin cuta suka yi sansani. Sai su manne a bangon ƙananan jijiyoyi, su matse su ratsa, su bi sinadarin har inda ya fi kauri. Mugunyar da mutane ke ɗauka ƙazanta ce kawai, yawancinta gawarwakin waɗannan ƙwayoyi ne da suka mutu a bakin daga. Tunda su sun san hanya, abin da ya rage shi ne a sa musu alama a bi sawunsu, kamar mafarauci da ya ɗaura wa karensa ƙararrawa ya sake shi cikin ƙurmi.

A 1976 ne John McAfee da Mathew Thakur suka nuna cewa sinadarin indiyam-111 na iya shiga cikin farar ƙwayar jini ya zauna, ita kuma ta ci gaba da aikinta. Bayan shekara 10, likitoci a asibitin Hammersmith da ke Landan suka yi irin wannan da teknishiyam-99m. Ana ɗibar jinin majiyyaci kamar mililita 50, a ware fararen daga jajayen, a jiƙa su da sinadarin, a wanke, a mayar masa ta jijiya. Aikin na cin awa 2 zuwa 3, kuma yana son hannu mai laushi, don ƙwayar da aka wahalar ba ta zuwa ko'ina sai ta maƙale a huhu ko hanta. Daga nan kyamarar gama, wadda Hal Anger ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta ɗauki hasken nukiliya da sinadarin ke fitarwa daga cikin jikin.

Da an ce nukiliya sai hankalin mutane ya tashi, wasu su tuna bam, wasu su ce ai gashi ne irin na masu ciwon daji. Haba! Gashi ana yin sa ne don a kashe ƙwayoyin daji, da haske mai ƙarfin gaske da ake harbawa da gangan. Wannan kuwa ɗan mitsitsin abu ne da aka sa don a gani kawai, ba ya ƙona komai, ba ya warkar da komai. Hasken da jiki ke sha a ciki bai wuce na hoton CT na ciki ba, wanda mutane ke shiga ba tare da ko ɗar ba. Kyamarar ma ba ta harba wa mutum komai, karɓa kawai take yi. Kuma sinadarin ba ya dawwama: ƙarfin teknishiyam na raguwa da rabi duk bayan awa 6, na indiyam duk bayan kusan kwana 3. Mai ciki da mai shayarwa ne ya wajaba su faɗa wa likita tun kafin a fara. Haɗarin da ya fi cancantar tsoro daban yake, wato a yi kuskure a ɗura wa wani jinin wani. Hakan ya taɓa faruwa a Amurka har aka ɗauki cutar ƙanjamau, shi ya sa ake tsananta rubuta suna a kan kowane sirinji.

Karanta hoton sai gwani. Saifa kullum ita ce ta fi haske, sai hanta da ɓargo, don can ne gidan waɗannan ƙwayoyi, saboda haka ƙurjin da ya ɓuya a saifa ko hanta yana iya kuɓucewa. Teknishiyam na fita ta matsarmama da fitsari, bayan awa 3 ko 4 sai hanji ya fara haske ko da lafiyarsa lau, dole a ɗauki hoton ciki da wuri. Indiyam ba shi da wannan hali, ana iya jira har awa 24, shi ya sa da yawa suka fi son sa in ciki ake bincike, duk da hotonsa bai kai na wancan kyau ba.

Akwai wata yaudara da nake jin daɗin bayaninta. Majiyyaci mai ciwon huhu ko mugunya a kogon hanci yana haɗiye majina, fararen ƙwayoyin da aka yi wa alama su bi ta su gangara hanji. Sai hoto ya nuna haske a ciki kamar ga ƙurji nan. Maganin ruɗanin shi ne a sake ɗauka bayan wasu awoyi: ƙurji yana nan inda yake, sai ma ƙara haske, abin da aka haɗiye kuwa ya yi gaba tare da abinci. Zubar jini cikin hanji ma haka take yi.

Gwajin ya fi amfani ga sabuwar cuta mai zafi, da kumburin hanji irin na cutar Crohn, da jijiyar roba da aka dasa ta kamu. Tarin fuka na ciki, wanda ba baƙo ba ne a asibitocinmu, ba nutrofil ne ke kan gaba wajen yaƙarsa ba, don haka hoton na iya fitowa fes alhali cutar na nan, sai likita ya koma ga wasu gwaje-gwajen.