Yadda na'urorin da ake girkewa a teku suka shafi damunar manoman Illo

Manomin shinkafa a Illo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, bai cika tunanin teku ba. Amma ruwan saman da yake jira daga can yake tasowa, wato Tekun Gini da ke kudu da Kwatano.

Daga watan Mayu zuwa Yuni, ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ya mamaye wani yanki a tsakiyar Tekun Atilantika. A inda ya yi iyaka da ruwa mai ɗumi, iska kan ƙara ƙarfi ta ɗebo laima ta nufo arewa. Masana sun gano cewa lokacin da wannan sanyi ya bayyana na da alaƙa da lokacin da damuna ke kankama a yankin Sahel, galibi a ƙarshen Yuni.

Domin bibiyar lamarin ne ƙasashen Faransa da Amurka da Burazil suka kafa shirin PIRATA a 1997, inda suka girke na'urori masu shawagi a kan ruwa.

Shirya su ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an gwada kowane ma'auni an daidaita shi a ɗakin gwaji, an shafa fentin da ke hana halittun ruwa maƙalewa, sannan a loda a jirgi. A teku, ana ɗaure na'urar da igiya mai tsawon kilomita huɗu ko fiye, a jefa nauyin tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ya riƙe ta.

Sama tana auna iska da ruwan sama da zafin rana. Ƙasa kuma tana auna ɗumin ruwa har zurfin mita 500, ta aika bayanan ta tauraron ɗan'adam. Duk shekara ake zuwa a sauya su.

Babbar matsala ita ce kifaye na taruwa a gindinsu, jiragen kamun kifi su biyo, wani lokaci su lalata kayan. Idan na'ura ta yi shiru, sai a shafe watanni babu bayani daga wurin.

Irin waɗannan bayanai ne ke shiga kwamfutocin hasashen yanayi na duniya, waɗanda hukumomi irin su NiMet ke amfana da su wajen sanar da lokacin shuka.

Ga wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, gargaɗin 'yan makonni kafin ruwa ya zo na iya raba shi da asarar shekara guda.