Hayar Gida da Hanyar Makaranta: Lissafin da Ake Tsallakewa a Tambuwal da Kebbe

Magidancin da ke neman gidan haya ko fuloti a ƙasar Tambuwal ko ta Kebbe, a jihar Sakkwato, yana da tambayoyin da ba ya mantawa: nawa ne a shekara, akwai rijiya ko famfo, ruwa na kwanciya a ƙofar gida da damina, su wane ne maƙwabta, ina masallaci. Zancen makaranta sai an sauke kaya an rataya labule, sannan a aiki yaro ya tambayo inda 'ya'yan unguwa ke zuwa. A ganina an kifar da lissafin ne. Ga mai 'ya'ya ƙanana, nisan makarantar gwamnati da ingancinta wani ɓangare ne na farashin gidan, ko da mai gida bai rubuta shi a takardar haya ba. Kuɗin haya sau ɗaya ake biyansa a shekara, da zafinsa, shi ya sa ake tunawa da shi. Kuɗin nisa kuwa kullum safiya ake biyansa, kaɗan-kaɗan, wani da naira, wani da gajiyar yaro, har ranar da za a wayi gari yaron ya daina zuwa ba tare da kowa ya yanke shawarar cire shi ba.

A wasu ƙasashe wannan lissafi a fili yake, domin doka ce ta ɗaure makaranta da adireshin gida. A Amurka, yawancin yara makarantar gundumarsu suke zuwa, kuma harajin gidajen gundumar na daga cikin abin da ake riƙe makarantar da shi. Wata masaniyar tattalin arziki mai suna Sandra Black ta wallafa bincike a 1999 kan gidajen jihar Massachusetts da ke dab da layin da ya raba yankunan makarantu biyu. Ta samu cewa idan sakamakon jarrabawar makaranta ya ɗara na maƙwabciyarta da kashi 5 cikin 100, iyaye na yarda su ƙara wajen kashi 2.5 cikin 100 a kan kuɗin gida. Mu a nan ba mu da irin wannan doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, ba ta kuma hana ɗan Kuchi ta ƙasar Kebbe zama a ajin Tambuwal ba. Sai dai abin da doka ba ta hana ba, hanya ta hana.

Yanayin ƙananan hukumomin biyu ya isa shaida. A ƙidayar 2006, Tambuwal na da mutane kimanin 225,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,700, Kebbe kuwa na da kimanin 125,000 a fili da ya haura murabba'in kilomita 2,600. Wato Kebbe ta fi faɗi, ta kuma fi ƙarancin jama'a, don haka ƙauyukanta sun fi warwatsuwa. Garin Tambuwal yana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari ya nufi Jega, kuma duk garin da ke bakin kwalta mota na tsayawa a cikinsa, malami na iya isa, mai duba makarantu na iya leƙawa. Da an sauka daga kwalta an shiga hanyar burji, labari ya canza. Firamare ana samunta a ƙauyuka da yawa, amma ƙaramar sakandare ba ta kai ta yawa ba, babbar sakandare kuma ta fi wuya. Yaron da ya gama aji shida a ƙauyen da kwazazzabo ke yanke wa hanya a watan Agusta da Satumba, ci gaban karatunsa ya dogara ne ga ƙafarsa, ko keke, ko aljihun ubansa.

Aljihun nan kuwa ya sha duka. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000 a wurare da yawa. Ɗan kabu-kabu ba zai ɗauki asarar ba, fasinja ne zai ɗauka. Mu buga misali da alƙaluman da kowa zai iya sauyawa da na garinsu. A ce gidan cikin gari ya fi na bayan gari tsada da naira 60,000 a shekara. A ce kuma daga gidan mai araha sai an biya naira 300 zuwa, 300 dawowa, kafin yaro ya isa makaranta. Zango uku na shekarar karatu sun kai kwana 190 ko kusa da haka, ke nan naira 114,000 a kan yaro ɗaya. Gidan mai araha ya riga ya fi tsada tun kafin a ƙirga ɗa na biyu. Kuma a wannan yanki ba a tsayawa a ɗa ɗaya: binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaiciyar haihuwar mace a arewa maso yamma ta haura shida. Haya ba ta ƙaruwa don an ƙara haihuwa, sai dai a ƙara shimfiɗa tabarma, amma kuɗin mota da kuɗin makaranta kai-kai ake biyansu.

A zahiri, iyaye kaɗan ne ke biyan wannan kuɗi har ƙarshen shekara. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya taka da ƙafa, ya isa an ci rabin darasin farko, ranar kasuwa ya ƙi zuwa, lokacin girbi ya ɓace makonni. 'Ya mace ita ake fara cirewa, kuma ba lallai don uban ya ƙi boko ba. Uban da zai bar yarinya mai shekara goma sha uku ta bi hanyar daji ita kaɗai safe da rana ba shi da yawa, kuma ban ga laifinsa ba. An gwada wannan a wasu ƙasashen Musulmi masu kama da tamu. A lardin Ghor na Afganistan, masu bincike Dana Burde da Leigh Linden sun bi diddigin ƙauyukan da aka buɗe wa makaranta a cikin gari maimakon a nesa, suka wallafa a 2013 cewa a cikin kowace yarinya 100 an samu ƙarin 52 da suka shiga makaranta. Iyayen nan ba a yi musu wa'azi ba, ba a ci su tara ba, nisa kawai aka cire. Mutanen ƙasar Sakkwato ma ba baƙi ba ne ga wannan dabara, tunda Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamanta mata, masu laƙabin jaji, na ƙungiyar 'Yan Taru ƙauyuka suna kai wa mata karatu inda suke tun a ƙarni na 19.

Amma kusanci kaɗai bai isa a ƙara kuɗin haya dominsa ba, kuma a nan ne masu ɗan hali ke yawan ruɗuwa. Suna ko fenti ba inganci ba ne. Garin Tambuwal na da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, amma ita ta jarrabawar shiga ta ƙasa da hukumar NECO ke shiryawa ake samun gurbinta, wanda ya gina gida a jikin katangarta bai fi na nesa haƙƙi ba. Ita kuma firamaren unguwa, ana iya yi mata sabon rufi da allon sanarwa mai ɗauke da sunan ɗan kwangila alhali ba a karatu a ciki. Gwajin karatun 'yan aji biyu da uku da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010, ƙarƙashin shirin ilimi na hukumar USAID, ya nuna mafi yawan yaran ba sa iya karanta ko kalma ɗaya da Hausa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka fito da littattafan Mu Karanta daga baya. A Kaduna, a 2017, malaman firamare 21,780 daga cikin kusan 33,000 suka faɗi jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce. Saboda haka wanda zai biya tsada don makaranta, ya je ya gani da idonsa. Ya je da ƙarfe takwas na safiyar Litinin, ya sake komawa ranar kasuwar garin bayan an dawo daga tara. Ya ƙirga azuzuwan da ke da malami a tsaye gaban allo, ba a inuwar dalbejiya ba. Ya ƙirga kawunan yara a aji ɗaya, yana sane da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare. Ya duba ko akwai makewayin 'yan mata mai ƙofa da ruwa a kusa. Sannan, da izinin hedimasta, ya miƙa wa ɗan aji uku layi biyu na Hausa ya karanta. Wannan ziyara ba ta cin ko sisi, kuma ta fi duk abin da dillali zai faɗa.

Akwai mai cewa wannan zancen mutanen birni ne, domin a ƙauyukan Kebbe mutum gidan gado yake zaune, gona ce ta zaɓa masa wurin zama. Gaskiya ne, kuma ba zan ba manomin da cinsa da shansa ke fadama shawarar ya saki gona ya koma gari yana sayen itace da ruwan garuwa da kwanon gero ba. Yunwa ma tana hana karatu. Amma masu zaɓi sun fi yadda ake zato yawa: ma'aikacin ƙaramar hukuma ko na asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗan kasuwa, saurayin da zai yi aure ya ware daga gidan uba, da waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan kan iyaka da Zamfara suna neman inda za su raɓa. Shi manomin ma yana da zaɓi tsakanin ƙaura da zama. Akwai keke, wanda sau ɗaya ake saya kuma ƙanne su gada. A jihar Bihar ta Indiya, shirin raba wa 'yan matan sakandare kekuna da aka fara a 2006 ya ƙara shigarsu makaranta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai riƙo wurin gwaggo ko kawu a gari, al'adar da ta raini malamai da alƙalai da yawa a ƙasar Hausa, sai dai tana buƙatar ido, domin yarinyar da aka kai don karatu tana iya ƙarewa da farantin talla. Makarantar kwana ita ce a da ke warware matsalar nisa gaba ɗaya, amma bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 da ɗaliban Birnin Yawuri a Yunin shekarar, duka a jihohin da suka yi iyaka da mu, ba mai zargin uban da ya yi ɗari-ɗari.

Wani kuma zai ce a kama gida mai araha, a sa yara a makarantar kuɗi da rarar. Makarantun kuɗi inda masu biya suke suke taruwa, wato cikin gari inda hayar ke da tsada, kuma kuɗinsu kai-kai ne, zango-zango. Wannan dabara tana yi wa mai ɗa ɗaya ko biyu aiki, ba ta yi wa mai biyar.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na uku: idan duk mai ɗan ƙarfi da wayewa ya kwashe 'ya'yansa ya koma bakin kwalta, wa zai rage ya yi magana a kan makarantar ƙauye? Wannan haka yake, kuma ba ni da amsar da za ta share shi. Abin da zan ce shi ne ba a ɗora wa uba ɗaya nauyin gyara tsarin jiha da makomar ɗansa ba. Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2015 bayan ya zama gwamna, abin da ke nuna cewa hukuma da kanta ta san girman ramin. Sai dai akwai abin da gine-gine ba sa gyarawa. Malamin da aka tura ƙauye shi ma irin wannan lissafin yake yi, ta ɓangarensa. Yana son 'ya'yansa su yi karatu mai kyau, sai ya ajiye iyalinsa a Tambuwal ko Dogon Daji, yana hawa babur zuwa wurin aiki. Da fetur ya yi tsada, albashin bai bi shi ba, sai zuwan kwana biyar ya koma uku, ranar da hadari ya haɗo kuma babu zancen fita. Ke nan matsalar makarantar ƙauye ita ma matsalar gida ce. Ƙauyen da ya tanadi ɗaki biyu masu kyau kusa da makaranta ya ba malami kyauta, ko gwamnatin da ta gina gidajen malamai ta ƙara alawus ɗin zaman karkara, ko ta ɗauki 'ya'yan garin masu takardar NCE aiki a garinsu, sun fi wanda ya sake fentin aji taimakon yara. Wannan aiki ne da kwamitin kula da makaranta na SBMC, da hakimi da dagaci da limami, za su iya bi har ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB a Sakkwato.

Ga wanda ke da zaɓi a hannunsa yau, hukuncina shi ne: in dai ya je ya ga malamai a aji, ya ji ɗan aji uku ya yi karatu, kuma ƙaramar sakandare na inda 'yarsa za ta taka cikin jama'a ta isa, to ya biya ƙarin hayar ko da zai rage ɗaki ɗaya. In bai ga haka ba, kada ya ƙara ko kwabo don sunan unguwa, ya zauna inda yake ya sayi keke. Ya kai magidanci, kafin ka miƙa wa dillali kuɗi, ka ware safiya ɗaya ka taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar da ƙafarka, tare da ƙaramin cikin 'ya'yanka.