Wasannin Gina Daula Ba Caca Ba Ne

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin iyaye da masu fatawar bakin titi: wai duk wasan da aka shimfiɗa kwali, aka raba katuna, aka zauna ana lissafi, to caca ce aka sauya wa suna. Da wannan hukunci aka yi wa wasanni da yawa kuɗin goro. Yaro ya shigo da akwatin wasa da yayansa ya aiko masa daga waje, uba bai buɗe ba, bai tambayi yadda ake yi ba, sai ya ce a fitar masa da shi daga gida. Wani ma har ashana yake ƙyasta masa. Alhali shi wannan yaron yana ɗaki da waya a hannu, yana zuba kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallon Turai, ba wanda ya ce masa kanzil. An bar jaki ana dukan taiki.

Wasannin da nake nufi su ne waɗanda kowa ke farawa da 'yan mutane kaɗan a kan taswira, ya kafa ƙauye, ƙauye ya zama birni, ya yi noma da fatauci, ya nemi ilimi, har ya ga ko daularsa za ta wuce ta abokan wasansa. Wasu daga cikinsu daga Ingila da Jamus suka fito.

To, mece ce caca? Kowa ya sani. A ajiye kuɗi ko kaya, a bar wa sa'a hukunci, wani ya kwashe, wani ya tashi hannu rabbana. Bari mu auna wasannin da wannan ma'auni.

Uban tafiyar shi ne Civilization, wanda wani Baturen Ingila mai suna Francis Tresham ya fitar a 1980, kamfanin Avalon Hill na Amurka ya buga shi a 1981. Taswirarsa ta ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ce. Wani ya ɗauki Masar, wani Babila, wani tsibirin Kirit. Kowa da alamar mutum ɗaya tak yake farawa. Jama'a na ƙaruwa kowane zagaye, amma kowane yanki akwai iyakar mutanen da zai iya ciyarwa, don haka dole a bazu. Sai ka tara alamu 6 a wurin da ya dace kafin ka kafa birni, kuma ba ka wuce birane 9. Birane su ke kawo maka katunan haja: fata, ƙarfe, gishiri, hatsi, tufafi, tagulla, kayan yaji, zinariya.

A nan ne daɗin wasan yake, kuma a nan ne zargin caca ya rushe. Katin gishiri ɗaya darajarsa 3. Idan ka haɗa biyu, ba 6 ba ne, 12 ne. Idan ka haɗa uku, 27. Wato ana ninka yawan katunan da kansa, sannan a ninka da darajar hajar. Saboda haka mai tara gishiri dole ya nemi mai tara hatsi su yi musaya, kowa ya ƙaru. Sai ka ji ɗaki ya kaure da ciniki: wa ke da tagulla, ni ina da tufafi. Abin da ka tara da shi za ka sayi ci gaba, kamar ginin tukwane, ƙira, ilimin taurari, likitanci, karatu da rubutu, da doka. Kowanne da amfaninsa. Mai likitanci annoba ba ta yi masa ɓarna kamar wanda ba shi da shi, mai ilimin taurari jirginsa na iya ratsa tsakiyar teku. Yunwa da ambaliya da yaƙin basasa suna nan cikin katunan, suna jiran wanda bai yi tanadi ba.

Ina kuɗin da aka ajiye? Babu. Wa ya tashi da na wani a aljihu? Babu. Ko ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a ludo, babu ita a wasan kwata-kwata. An gama, an tattara katuna an mayar akwati, wanda ya zo da naira ɗari ya koma gida da naira ɗarinsa. Don Allah wace irin caca ce wannan?

Wani zai ce, ai na ga wanda ake jefa ƙwaya. Gaskiya ne, Catan ke nan, wanda ya fi duka shahara. Klaus Teuber, Bajamushe mai sana'ar ƙera haƙoran roba, shi ya ƙirƙire shi, ya fito a 1995, ya ci kyautar wasan shekara ta Jamus a wannan shekarar, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Tsibiri ne mai gidaje 19, kowane gida yana ba da katako, ko bulo, ko ulu, ko hatsi, ko tama, sai guda ɗaya da yake hamada. Hanya tana cin katako da bulo. Mayar da ƙauye birni yana cin hatsi 2 da tama 3. Wanda ya riga kaiwa maki 10 ya ci. Ana jefa ƙwaya biyu don a ga gidan da zai ba da amfani. To amma duba: hanyoyin da ƙwaya biyu za su faɗi 36 ne. A cikinsu 6 tana fitowa ta hanya 5, haka 8, amma 2 da 12 hanya ɗaiɗai gare su. Yaron da ya gane haka ba zai kafa ƙauyensa kusa da 12 ba. Wannan lissafi ne da ake koyarwa a sakandare, yara suna gudunsa a aji, ga shi suna yinsa da kansu ba bulala. Sa'a tana da rabonta a Catan, ban musa ba, amma kasancewar sa'a a cikin abu ba shi ke mayar da shi caca ba. Sai an sa kuɗi.

Ba zan ɓoye ba, malamai sun yi magana mai nauyi a kan wasan jefa ƙwaya ko da babu kuɗi, saboda hadisin da ya zo a kan nardu, kuma Malikiyya sun tsananta har a kan shaɗaranji. Wannan fage na malamai ne, ni ba mufti ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba, a kira shi da sunan da ba nasa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ƙwaya ba, ga waɗanda ba su da ita: Civilization ɗin da na ambata, da Through the Ages na Vlaada Chvátil ɗan ƙasar Cek wanda ya fito a 2006, da 7 Wonders na Bafaranshe Antoine Bauza na 2010. Kuma kada mu manta, mu da muke da dara mai gidaje 30, kowa da 'ya'ya 12, dattawa suna bugawa a gindin bishiya tun kaka da kakanni, ba mu ne za a koya wa bambancin wasan ƙwaƙwalwa da caca ba.

Aibinsu na gaskiya daban ne. Suna da tsada, suna cin lokaci, kuma da yawansu suna nuna ƙasa kamar fili ne babu mai shi, kowa ya zo ya mamaye, tunanin da mu da aka yi wa mulkin mallaka bai kamata ya wuce mu ba.

Yanzu ga abin yi. Uba, idan akwatin ya shigo gidanka, buɗe shi. A jikinsa an rubuta shekarun da suka dace, da yawan 'yan wasa, da tsawon lokacin da yake ɗauka. Ka sa yaron ya karanta maka ƙa'idojin ya fassara, ka zauna a yi zagaye ɗaya a gabanka. Ba zubar da girma ba ne. Ka duba hotunan katunan, domin wasu suna ɗauke da gumaka da wuraren bautar mutanen da, wasu da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Idan ka ga abin da ba ka so, ka faɗa masa dalili, kada ka tsaya a kan tsawa kawai.

Ka kafa doka guda wadda ba ta da sassauci: ba a sa ko sisi. Ba kuɗi, ba katin waya, ba "wanda aka ci shi zai sayi tsire". Ta wannan ƙaramar ƙofa caca ke shigowa, kuma tana iya shiga dara da ƙwallon unguwa kamar yadda za ta shiga Catan. Ranar da ka ji an sa wani abu, ranar ka ɗauke akwatin, ba wanda zai ga laifinka.

Sai lokaci. Civilization na iya cinye yini guda cur, don haka ba wasan ranar makaranta ba ne, a bar shi sai hutu. 7 Wonders kusan rabin awa ne, kuma mutum 7 na iya yi tare. Catan awa ɗaya zuwa biyu. An kira salla, a kife katuna a tashi. Daular kwali ba ta gudu. Wanda bai gama aikin gida ko aiken mahaifiyarsa ba, babu shi a zagayen. Ku kuma matasa, ku ji tsoron Allah, ku ne kuke ba masu zargi hujja idan kuka raba dare kuna ihu a kan katin tama, asuba ta wuce ku kuna minshari. Wani abu kuma, a Civilization doka ta yarda ka cusa wa abokin ciniki katin annoba a ɓoye cikin haja. Ni wannan bai burge ni ba, kuma idan da ƙanana a wurin, a gaya musu ƙarara cewa a kasuwar gaske sunan wannan ha'inci.

Maganar tsada kuwa, ba sai kowa ya mallaki nasa ba. Abokai su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ko makaranta ta ajiye a ɗakin karatu. Wanda ya fi ma, malaman tarihi da lissafi su sa ɗalibai su zana nasu a kwali: gishiri daga Bilma, goro daga Gwanja, fata da baƙin rini daga Kano, ayari ya bi ta Agadas da Katsina, fari da 'yan fashi su zama katunan masifa. Yaron da ya zana wannan taswira da hannunsa ba zai manta hanyoyin fatake ba ranar jarrabawa.

Iyaye, kafin ku ƙona akwatin, ku buɗe shi ku gani. Sannan ku karɓi wayar yaron ku duba inda kuɗinsa ke tafiya.