Idan kin iya alkubus, za ki iya turararren burodin matcha mai kastad

Idan kina zaune a Legas ko Abuja ko Fatakwal, ƙila kin taɓa cin karo da wani mulmulallen burodi kore shar, a gidan cin abincin Sinawa ko a wayar 'ya'yanki, wanda idan an ɓara shi sai a ga kastad a ciki. Wannan burodi ba a gasa shi, ba a soya shi, turara shi ake yi. Macen da ta iya alkubus ta riga ta ci rabin hanya, domin fulawa ce da yis da tururi. Abin da ya rage shi ne ki san abin da za ki saya, ki iya sarrafa wuta, ki kuma san wanda ya kamata ya ci da wanda ya kamata ya yi hattara.

Daga ina ya fito?

Burodin na mutanen kudancin ƙasar Sin ne, wato lardin Guangdong da Hong Kong. Suna kiransa nai wong bao, suna cinsa da shayi cikin jerin ƙananan cimar da ake kira dim sum. A asalinsa bayansa fari ne, kastad ɗin kuma ruwan ƙwai. Koren launin ya zo ne daga matcha, garin koren shayin ƙasar Japan.

Matcha daga itacen shayin da muke sha kullum ake samunta, sarrafawar ce ta bambanta. Ana yi wa shukar rumfa na mako uku zuwa huɗu kafin a tsinki ganyen, abin da ke ƙara masa kore. Sai a turara shi, a busar, a cire jijiyoyinsa, a niƙa a dutse. Dutse guda ba ya niƙa abin da ya wuce giram 30 zuwa 40 a awa, shi ya sa take da tsada. Tarihi ya nuna wani malamin addinin Buddha mai suna Eisai ne ya kai wannan salon shan shayi Japan daga Sin a shekarar 1191, kuma har yau garin Uji da ke kusa da Kyoto ya yi fice a nomansa. Tun daga 2024 buƙatarta ta yi yawa a duniya, har wasu kamfanonin Kyoto suka taƙaita abin da suke sayar wa mutum guda.

Kafin ki fitar da kuɗinki

Matcha iri biyu ake sayarwa, ta sha mai tsada da ta girki mai sauƙin kuɗi. Ta girki ta ishe ki. Ki karanta jikin mazubin: idan kin ga an lissafa suga da madara, wannan haɗin sha ne, shayin da ke ciki kaɗan ne. Mai kyau kore ce shar, mai laushi kamar hoda. Wadda ta koma ruwan ƙasa ta tsufa, ɗaci kawai za ta ba ki. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Garin zogale yana kama da ita a ido, za ki iya sa shi don launi idan aljihu bai ba da dama ba, amma ɗanɗanon daban ne.

Kayan haɗi na guda 10

Na kastad: ƙwai 2, suga babban cokali 5, madarar ruwa rabin kofi, madarar gari babban cokali 3, kon fulawa babban cokali 3, fulawa babban cokali 1, bota babban cokali 2, matcha ƙaramin cokali 2.

Na kwaɓi: fulawa kofi 2, wato kimanin giram 250, yis ƙaramin cokali 1, bakin hoda rabin ƙaramin cokali, suga babban cokali 2, man gyaɗa babban cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, matcha ƙaramin cokali 1, madara mai ɗumi rabin kofi da babban cokali 2.

Ki fara da kastad

Ki tankaɗe matcha da kon fulawa da fulawa da madarar gari wuri guda, domin matcha tana saurin yin gudaji. Ki kaɗa ƙwai da suga da madarar ruwa, ki zuba garin ki juya, sannan ki tace a rariya zuwa cikin tukunya. Ki sa bota, ki ɗora a wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa. Cikin minti 6 zuwa 8 zai yi kauri ya riƙa sakin jikin tukunya kamar tuwo mai laushi. Ki sauke, ki rufe da leda a kan fuskarsa don kada ya yi ɓawo. Idan ya huce ki sa a firji na awa guda, sai ki raba shi kashi 10 ki mulmula. Kada ki yi gaggawar sa shi da zafi, zai jiƙa kwaɓin ya hana bakinsa rufuwa.

Sai kwaɓi

Ki haɗa busassun kayan, ki zuba madara da mai. Madarar ta zama mai ɗumin da za ki iya barin yatsanki a ciki, domin zafi yana kashe yis. Wannan kwaɓin ya fi na alkubus tauri, irin na burodi ne. Ki murza shi minti 10 har ya yi sumul ya daina kama hannu. Ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka, yawanci minti 45 zuwa awa guda. A lokacin hunturu yana iya wuce haka.

Idan ya tashi, ki sake murza shi sosai ki fitar da iskar ciki, wannan ne ke sa bayansa ya fito sumul. Ki raba kashi 10. Ki buɗa kowanne kamar faɗin tafin hannu, tsakiya da kauri, gefe da sirara. Ki sa kastad a tsakiya, ki tattaro bakin ki matse, ki kifa shi a kan 'yar takardar gashi. Ki bar su su sake tashi na minti 15 zuwa 20.

Turarawa, inda aka fi yin kuskure

Madambaci ya wadatar, ko kwalanda a kan tukunya. Ki jera su da tazarar yatsa biyu, kada ruwa ya taɓa su. Ki naɗe murfin da tsaftataccen ƙyalle, don kada gumin murfi ya ɗiga ya yi musu tabo. Idan ruwa ya tafasa, ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki turara minti 10 zuwa 12. Wuta mai ƙarfi ce ke fasa su kastad ya tsiyaye.

Idan lokaci ya cika ki kashe wuta, amma kada ki buɗe sai bayan minti 5. Iska mai sanyi da ta same su farat ɗaya ita ke sa su yamutse. Idan kin kiyaye wannan kuma suka faɗa, to kin bar su sun tashi fiye da kima kafin turarawa.

Kore ba ya nufin magani

A nan ne muke son ki natsu. Ana yawan tallata matcha da sunan rage ƙiba da wanke jiki, har wasu su ɗauka duk abin da aka sa ta a ciki ya zama lafiyayye. Wannan burodi kayan marmari ne na fulawa da bota da suga. A ma'aunin da muka bayar, kowane guda yana ɗauke da suga kimanin ƙaramin cokali 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da babba ke ci a rana kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, kuma ya fi kyau a tsaya a 6. Guda uku sun cinye shidan nan. Mai ciwon suga a gida ya sa shi cikin lissafin abincinsa na ranar, kada launin ya ruɗe shi.

Matcha kuma tana da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi mai hana barci. Abin da ke cikin burodi guda bai kai na kofin baƙin shayi ba, amma yaro ba babba ba ne. Ki ba yara da rana, guda ɗaya ya isa. Ƙananan da ba su wuce shekara biyu ba ki yi musu fari, babu matcha, ki kuma rage suga. Mai juna biyu ta haɗa lissafinsa da shayi da kofi da goron da take ci, domin hukumar ta ce wadda take wuce miligiram 300 na kafeyin a rana ta rage. Shayi yana kuma rage wa jiki tsotsar sinadarin da ke gina jini, don haka mai shan maganin ƙarin jini ta ba da tazarar awa biyu tsakaninsu.

Ajiya

Cikinsa ƙwai ne da madara, abubuwan da ke saurin lalacewa. Kada ya wuce awa biyu a waje, idan ana tsananin zafi awa guda. A firji yana kwana biyu zuwa uku, a firiza wata guda, matuƙar wutar lantarki ba ta daɗe a ɗauke ba. Idan unguwarku ba ta samun wuta sosai, ki raba ma'aunin biyu ki yi na ci a ranar. Wajen ɗumamawa ki sake turara shi har cikinsa ya yi zafi, minti 5 na firji, minti 10 zuwa 12 na firiza.

Karon farko ki gwada a ranar da ba ki da baƙi. Ko ya yamutse yara za su cinye, kuma za ki gane wutar da ta dace da tukunyarki. A ci lafiya.