Wake Ɗaya a Teburin Wasan Labari

Tun daga 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wani irin wasa ya samu gindin zama a ƙasashen Turawa. Mutum huɗu ko biyar kan zauna a kewayen tebur, kowa ya ɗauki rawar wani jarumi: wannan mayaƙi, wancan boka, wani kuma ɓarawo. Mutum ɗaya ke jan ragamar labarin, shi ne mai bayyana gari da daji da dodanni. Idan jarumi ya yi yunƙurin wani abu mai haɗari, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ta yanke hukunci. Kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da hannu wajen saƙa ta. Zama ɗaya kan ci awa uku zuwa huɗu, labari guda kuwa yakan ɗauki watanni.

Babu mai cin wani a wannan wasa, don haka ba shi da abin da ke riƙe shi sai yardar juna. A nan ne masifar ɗan wasa mai taurin kai take. Masu iya magana sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A ƙaddara ayarin ya shafe makonni yana neman ganin wani sarki. Ranar da aka isa fada, ana cikin gaisuwa, sai mai rawar ɓarawo ya ce shi zai soki ɗan aiken sarki, ya kuma yashe jakar abokin tafiyarsa. Aikin makonni ya rushe cikin minti ɗaya. Da aka yi masa magana, sai ya kafe a kan cewa halin jaruminsa ke nan. Wannan uzuri ya shahara a tsakanin masu wasan, kuma ba shi da tushe, domin shi ya ƙera jarumin da hannunsa, shi ya zaɓa masa halin. Ko Gizo, duk da wayonsa da ha'incinsa, bai taɓa hana a kai ƙarshen tatsuniya ba.

Kuskuren da jagororin wasa suka fi yi shi ne ramuwa a cikin labari. Sai a turo wa jarumin dakaru su kama shi, ko a jefo masa dodon da ya fi ƙarfinsa. A ganina wannan tsoro ne aka lulluɓe da hukunci. Rigimar tana tsakanin mutanen da ke zaune a tebur, amma aka kai ta kan wanda ba ya numfashi. Sau da yawa ma abin da mai taurin kan yake nema ke nan, wato hankalin kowa ya koma kansa, ga shi an ba shi a ɓagas.

Abin da ya fi shi ne jagora ya keɓe da shi bayan an tashi, ba a gaban jama'a ba, ya faɗa masa takamaiman abin da ya yi da yadda ya shafi sauran, sannan ya tambaye shi abin da yake nema a wasan. Amsar kan ba da mamaki. Wani faɗa yake so, an cika shi da zaman fada da dogon zance. Wani kuma ya daɗe yana jin ba a ba jaruminsa dama, ɓarnar ce kaɗai hanyar da ya ga ana kula shi. Irin waɗannan gyaransu ba wuya, kuma jagora na da nasa kason laifin.

Shi ya sa masu wasan suka ƙirƙiro zaman share fage kafin a fara labari, inda ake amincewa a kan irin labarin da za a yi, da abin da aka haramta, kamar sata tsakanin 'yan ayari. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya mallaki wasan tun 1997, ya sanya shawarar wannan zama a littafinsa Tasha's Cauldron of Everything na 2020.

Saura wanda aka yi wa magana sau ɗaya, sau biyu, bai sauya ba. Nan ne kunya kan kama jagora, musamman idan abokin ƙuruciya ne, ko a gidansa ake haɗuwa. Amma haƙurin da ake yi da shi wasu ne ke biyan kuɗinsa. Mai kawaicin cikinsu ba za ta yi gardama ba. Za ta ce aiki ya yi mata yawa a wannan makon, ta sake faɗin haka a mako mai zuwa, daga nan kujerarta ta zama wayam. Gara a gaya wa mai taurin kan, cikin mutunci, cewa wannan teburin bai dace da shi ba, a ci gaba da zumunci a wajen kallon ƙwallo ko shan shayi, ranar Asabar kuma sauran huɗun su koma fadar sarkin nan su nemi afuwa.